Ya Gana da 'Yarta Mai Ido Ɗaya

A unguwar da ke gangaren kogi a garin Katagum an yi wata maginiyar tukwane da ake kira Ya Gana. Iyayenta Barebari ne. Mahaifinta, Malam Kashim, da jakuna yake fatauci. Yakan ɗauko kanwa da busasshen kifi daga gabas, ya ratso ta Gamawa ya sauke a Azare, sannan ya komo da hatsi. Bai samu ɗa namiji ba sai can daga baya, saboda haka tun tana 'yar shekara shida ita ke riƙe masa bakin mangala in zai labta kaya. Ba mai yawan magana ba ne. Sai ya zube ƙunshi biyar ko shida a ƙasa ya ce, "Wanne zai fara shiga?" In ta nuna wanda ba shi ba, ba ya gyara mata. Yakan bar ta ta ga yadda kayan za su karkace kafin jaki ya yi taku goma, sannan a sauke a sake. A haka ta tashi da ido mai auna abu, kuma a haka ta tashi da ƙarancin haƙuri ga wanda bai iya ba.

A shekarar 1924 aka aurar da ita ga Bappayo, wani Bafillace mai ɗaura jinka, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin muryarsa ta tsallake danga ba. A gidansa ta koyi ginin tukwane, har randunanta suka yi suna, don murfin da ta yi wa randa yakan zauna kamar tare aka haife su. 'Ya'yanta biyu na farko ba su kai yaye ba. Ta uku, Meram, ita ce ta tsaya. Sai a ranin 1931 agana ta shigo garin. Meram tana da shekara uku ta kwanta, ta tashi da zanzana a fuska, idonta na hagu kuma ya tafi.

Da fari kowa godiya yake yi da ta rayu. Bayan 'yan watanni ne aka fara lura da abin da ciwon ya bari. Yarinyar za ta miƙa hannu ta ɗauki ludayi sai ta kamo iska. Dokin ƙofar da ta saba tsallakewa ya koma yana kayar da ita kusan kullum. In aka cilla mata goruba sai ta dake ta a ƙirji kafin hannu ya rufe. Yaran unguwa suka daina sa ta cikin wasa, don ɓangaren da take ciki shi ke faɗuwa. Ya Gana ta yi faɗa har ta gaji. A ganinta rashin natsuwa ne, tunda ai ɗayan idon lafiyarsa lau.

Wata safiya ta ba yarinyar ɗan ƙoƙon kunu mai zafi ta ce ta juye wa babanta a tasa. Meram ta karkata ƙoƙon a hankali, da dukkan kulawar da take da ita, kunun ya wuce bakin tasar ya sauka a kan ƙafarta. Fatar ta saluɓe. Da aka shafa mata magani ta yi barci, Bappayo ya zauna a bakin ɗaki ya ce, "Gana, ki daina aiken yarinyar nan. Allah ya riga ya rage mata. A shimfiɗa mata tabarma ta zauna, abin da take so a kawo mata."

"Har yaushe, Malam?"

"Har ta yi wayo."

"A kan tabarmar za ta yi wayon?"

Ya ɗauki igiyarsa ya fita aiki. Ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai shi ne fuskar yarinyar lokacin da take juye kunun. Ta gani da idonta, babu wasa a ciki, babu gaggawa. Yarinyar ta yi iyakar ƙoƙarinta ne ta kuskure.

Washegari da hantsi Ya Gana ta yagi ƙyalle ta ɗaure idonta na hagu tamau, ta ce ba za ta kwance ba sai rana ta faɗi. Ta fara da abin da ta fi iyawa. Ta ɗebo ruwa za ta zuba a tulu, rabinsa ya bi gefe. Ta ɗauki murfi za ta rufe randar da ita ta gina da hannunta, ta ƙwala shi a baki har ya ɓantare. Ta zo fita ɗaki, dokin ƙofa ya ɗauke mata farcen babban yatsa. Ta zauna a ƙasa tana riƙe da ƙafar, kunya ta rufe ta, don ta tuna sau nawa ta ce wa 'yar shekara uku, "Ba ki gani ne?"

Maƙwabciyarta Fadimatu ta leƙo aron taɓarya, ta gan ta da ɗaurin ido ta ce, "Subhanallahi, Ya Gana, ciwon ido ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. So nake in ga abin da Meram ke gani."

"To me kika gani?"

"Komai ina gani. Sai dai ban san nisansa ba. Ga ki nan tsaye, amma in ba don na san tsakar gidan nan ba, ba zan ce miki taku uku ne tsakaninmu ko biyar ba."

Fadimatu ta ɗauki taɓarya ta tafi, kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa matar Bappayo ta fara taɓuwa. Ya Gana ba ta kwance ƙyallen ba. Zuwa la'asar ta gano abubuwa da dama. In ta ɗan kaɗa kai hagu da dama, abin da ke kusa ya fi saurin motsi a ido, na nesa kuwa kamar yana tsaye. In ta fara taɓa bakin tulu da ɗan yatsa, ruwa ba ya zuba. Inuwar abu a ƙasa tana gaya mata inda ya zauna. Wurin da ƙafarta ta san yawan takunsa kuwa ba ya ba ta wahala ko kaɗan. Da magariba ta kwance idon, kanta yana sarawa, ta ce wa mijinta, "Ba rashin hankali ba ne. Koyo ne, kuma za ta koya."

Da ƙafar ta warke aka fara. Ya Gana ta gina 'yan tukwane bakwai, daga mai girman lemon tsami zuwa mai girman kan mutum, kowacce da murfinta. Sai ta cakuɗa murafan ta ce a nemo wa kowace tukunya nata. Da fari Meram gwadawa take yi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya uwar ta hana gwaji, ta ce, "Duba tukuna. Nuna mini da baki kafin hannu ya je." Da wannan ta zauna sai aka koma jera su cikin juna, ƙarama a cikin babba. Aka koma zuba yashi daga ƙoƙo zuwa ƙoƙo, sannan ruwan sanyi, aka daɗe a kan ruwan sanyi kafin a sake ba ta wani abu mai zafi. Aka ƙirga takun gidan kaf: daga ɗaki zuwa murhu tara, daga murhu zuwa randa huɗu, daga randa zuwa zaure goma sha shida da ƙafar Meram. Ya Gana takan tsayar da ita a tsakar gida ta ajiye ludayi can gaba ta ce, "Taku nawa?" Yarinyar ta faɗa, sannan ta taka a gani.

Ba kullum abin ke tafiya da daɗi ba. Akwai ranar da Meram ta watsar da murafan ta shige bayan rumbu tana kuka, ta ce ita ba ta so, sauran yara ba a sa su. Ya Gana ta tsaya a kanta da hannu a ƙugu, faɗa ya zo mata har wuya. Bappayo ne ya raba su. Ya tsinko karan dawa ya feƙe, ya zauna kusa da yarinyar ya fara haɗa 'yar jinka kamar tafin hannu. Kukan ya tsaya. Ya ce mata, "Wannan karan ya yi tsawo ko ya yi daidai?" Ta share hanci ta ce ya yi tsawo. Ya ce, "To karya mini inda ya kamata." Ya Gana ta koma wajen yumɓunta tana satar kallonsu. Tun daga ranar ta rage tsawon zaman, ta kuma bar yarinyar ta riƙa gina nata 'yan ɗakuna da rumbuna da yumɓu, ko da sun karkace.

Da Meram ta kai shekara biyar aka fara aikenta waje, amma da sharaɗi. Kafin ta fita sai ta tsuguna a ƙofar ɗaki ta zana hanyar a ƙasa da tsinke: ga zaurenmu, ga tsamiya, nan zan karya dama, ga rijiya, ga gidan mai ƙuli. In ta dawo sai ta share ta zana hanyar dawowa, wadda ta fi wuya, don abin da ke dama ɗazu ya koma hagu. Uwar takan tambaye ta ina rana take lokacin da za ta, a goshi ko a ƙeya, ina kuma kogi yake daga gidan mai ƙuli, alhali ba a hango shi daga can. Wani lokaci aiken da wata yarinya za ta yi kafin tukunya ta tafasa sai ya ci musu rabin hantsi. Matan unguwa suna dariya, suna cewa a gidan Bappayo ko gishiri za a sayo sai an yi bugun ƙasa.

A kakar 1936 aka yi wa ƙanen Ya Gana da ke zaune a Azare haihuwa, suka tafi suna su uku. Kwana uku suka yi a hanya. Meram, tana da shekara takwas, ba ta taɓa ganin gari mai girman wannan ba. Ranar kasuwa Bappayo ya ce zai kai ta ya saya mata munduwa, suka fita da hantsi, Ya Gana ta zauna cikin mata ana gyaran hatsin suna.

Ana kiran azahar sai ga Meram ta shigo ita kaɗai, ƙafafu furu-furu, ta nufi randa ta sha ruwa. Ya Gana ba ta tashi daga kan turmin da take zaune ba.

"Ina babanki?"

"Ya ɓace, Inna. Wasu shanu suka ratsa tsakaninmu, da suka wuce ban gan shi ba. Na jira a wurin masu ƙwarya har na gaji."

"Wa ya kawo ki?"

"Ni na zo."

Matan gidan suka bar abin da suke yi. Daga gidan zuwa kasuwa tafiya ce mai lunguna, baƙo babba ma yakan yi tambaya. Ya Gana ta karyo tsinken tsintsiya ta miƙa mata ta ce, "Nuna mini." Meram ta tsuguna ta fara zane. Ta ce da za su tafi rana tana kafaɗarta ta hagu, amma da za ta dawo rana ta hau tsakiya, ba ta da amfani, sai ta bi abubuwan da ta gani. Ga marina, wadda ɗazu take dama, yanzu ta bar ta a hagu. Ga masallaci mai tulu biyu a ƙofa. A nan ta yi kuskure ta shiga wani lungu da ya kai ta gidan da ake jima, ta san ba su wuce wari irin wannan ba da safe, sai ta koma masallacin ta sake. Ga kuka mai rami, ga gida. Matar ƙanen, wadda a unguwar aka haife ta, ta leƙa zanen ta ce wallahi haka hanyar take.

Bappayo bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya zaga kasuwar sau ba adadi, ya leƙa rijiyoyi biyu, muryarsa ta dushe da kiran suna. Ya shigo ne don ya gaya wa matarsa abin da ba ya son faɗa, sai ya tarar da yarinyar tana cin ɗanwake a gindin turmi. Ya tsaya, ya zame ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya warware bai kula ba. Da ya samu numfashi aka nuna masa zanen, wanda Ya Gana ta kife faifai a kai don kada kaji su tone. Ya daɗe yana dubawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ma a lungun majeman nan na ɓata ɗazu." Munduwar dai ba a saya ba sai wata kasuwar.

Labarin ya riga su komawa Katagum. Fadimatu ce ta fara turo 'yarta Husaina, wai ta zo ta taya Meram wasa. Kafin damina yara shida ko bakwai ke taruwa a tsakar gidan kowace safiya bayan an tashi daga karatun allo, 'yan shekara uku zuwa shida, duk masu ido bibbiyu. Ya Gana ba ta kira abin makaranta ba, ba ta kuma karɓar komai. Tana gininta suna kewaye da ita. Wannan tana jera murafai, waccan an ba ta fasasshen kasko ta mayar da gutsattsarin yadda suke, wata an ce ta raba curin yumɓu gida uku daidai, wata tana naɗe ƙyalle ta faɗi kusurwa nawa zai fito da su kafin ta buɗe. Abin da ta lura da shi shi ne, wanda aka kawo da wuri ya fi saurin kamawa, kuma masu ido biyun ma da yawansu kallo kawai suke yi, ba sa aunawa.

A kan Husaina ce ta yi kuskuren da ta daɗe tana ambata. Yarinyar ba ta rarrabe dama da hagu, yau ta gane gobe ta manta. Wata rana haƙurin Ya Gana ya ƙare, ta ɗaka mata tsawa ta buge hannun da ta miƙo. Husaina ta tafi gida, ta yi wata guda ko ƙofar gidan ba ta bi. Fadimatu ta shigo ta ce, "Ya Gana, taki kin ɗaure ido kin ga abin da ke damunta. Tawa fa, me kika ɗaura?" Maganar ta shige ta. Da kanta ta je har gida ta ba yarinyar haƙuri, abin da babba bai saba yi wa yaro ba a lokacin, ta ɗaura mata jan zare a hannun da take cin tuwo da shi. Husaina ta dawo, ta iya dama da hagu, amma har ta girma ba ta sake sakin jiki da Ya Gana ba, Ya Gana ma ta san haka.

Bappayo ya rasu a 1947 bayan gajeriyar jinya. A lokacin Meram tana aure a Azare, gidan wani maɗinki, sai suka ɗauko uwar ta dawo wurinsu. Mijin ya gano da wuri cewa matarsa ta fi shi iya yanka. Takan shimfiɗa yadi a tabarma ta kaɗa kai hagu da dama, ta ce riga da wando za su fita har a samu aljihu, shi kuwa ya rantse ba za su fita ba, a yanka su fita. Ya sayi keken ɗinki na hannu, yankan ya koma cikin gida wurinta, matan unguwa suna kawo nasu. Ba ta daina taɓa bakin kofi da yatsa kafin ta zuba abu ba har tsufanta, kuma ba ta taɓa iya cafke abin da aka cillo mata da sauri ba. Wannan kam, uwar ta gwada shekara da shekaru ta haƙura.

A Azare Ya Gana ba ta ƙara gina randa ba, don sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, yumɓun wurin kuma bai yi mata ba. Amma yara sun same ta. Jikokinta uku da 'ya'yan maƙwabta sukan zauna gabanta a inuwar ɗaki, tana ba su ƙyallayen da suka rage daga yanka su haɗa su cike faifai ba tare da wani ya hau kan wani ba. Faɗanta ya ragu, ko da yake bai ƙare ba. Wani malamin elementare da ke unguwar ya taɓa aiko matarsa ta tambaye ta me take koya musu, don ya lura yaran da suka zauna wurinta ba sa wahala in an zo zane da awo. Ta ce a gaya masa ita ba ta koyar da komai, tambayarsu kawai take yi kafin su taɓa abu.

Ta rasu a damina ta 1957, ranar wata Laraba da hantsi, aka kai ta kafin azahar saboda hadari ya haɗo. Bayan sadakar arba'in Meram ta ce yaran su ci gaba da zuwa, ta kuwa yi ƙoƙari na 'yan watanni. Amma ga ɗinkin Sallah ya taso, ga goyo a bayanta, yau a zauna gobe a ce sai jibi. Yaran suka riƙa raguwa da ɗaya ɗaya, manyan aka sa su makaranta, ƙananan suka koma wasansu a ƙofar gida. Kafin wata daminar babu mai zuwa sai ƙaramar 'yar Meram da aka yaye, wadda ba ta da inda za ta, tana zaune gefen tabarmar yanka tana miƙa wa uwarta almakashi.